Inuwar da Labbo Ya Ƙera

A bayan tashar Illela, inda masu walda ke jere,
Labbo ya daina karɓar aikin ƙofa.
Wata huɗu ke nan.
Mai gadon ƙarfe ya zo ya koma,
mai tagar shago ya yi fushi ya kai wa Modi.

Abin da yake ƙerawa ba shi da suna.
Ƙafa uku, sirara kamar na zalɓe,
sun ɗauki wani faifai da ya karkace,
daga gefensa bakan ƙarfe ya tashi
ya nufi sama, ya fasa, ya dawo rabi,
ya tsaya nan kamar zancen da aka katse.

"Mi wanga?" in ji mai fura.
Yara suka ce jirgin aljannu ne.
Liman ya zo da kansa bayan la'asar,
ya zagaya sau biyu yana neman fuska,
bai ga ido ba, bai ga hanci ba,
ya ce, "To, ba gunki ba ne. Asarar rodi ce dai."

Ni ban tanka ba.
Na san inda ya samo ta.

Ina ɗan shekara goma sha tara
na ɗauki kwanon kankare a ka,
muka zuba rufin wani gidan mai a hanyar Kalambaina,
rufin da ba shi da ginshiƙi sai guda a tsakiya,
ya baje fiffike hagu da dama
kamar shirwa ta hango ɗan tsako.
Injiniyan, wani siriri mai tabarau,
ya ce mana haka gobe za ta kasance:
gidaje za su tsaya da ƙafa ɗaya,
motoci ba za su taɓa ƙasa ba.
Muka yi dariya, muka kuma yarda.
Siminti sabo ne a lokacin, mu ma haka.

Ranar da aka cire katakon tallafi
kowa ya ranta a na kare, ni har da barin takalmi.
Rufin bai faɗi ba.
Shekara arba'in da ɗoriya bai faɗi ba,
sai da katafila ta zo.
Yanzu shaguna goma sha biyu ne a wurin,
duk kusurwa huɗu, duk cajar waya suke sayarwa.

Hoto ɗaya ya rage mini,
ni a gefe, kwano a hannu, haƙora waje.
Labbo ya are shi bara, wai kwana biyu.

Jiya na bi sawu, rana tsaka,
irin zafin da ke sa ƙadangare ɗaga ƙafa.
Tartsatsi na zuba kamar gero daga hujin buhu.
Na duba ƙarafan, duk na san danginsu:
sifirin ɗin tirela, bututun burtsatse,
ƙyauren da wani ya yar a Kara.
Na ce, "Yaro, ba haka rufin yake ba.
Namu ya miƙe, naka ya karkace."
Ya ɗaga baƙin gilashi zuwa goshi.
"Baba Arzika, ba rufin ni ka yi ba.
Abin da kunka zata za ya zo, shi ni ka yi."

Sai aka ɗauke wuta.
Injin ya yi shiru, ƙarfe na ƙas-ƙas yana hucewa.
Na nuna bakan nan da ya tsaya a rabi,
na ce yaushe za a ƙarasa shi.
Ya ce an gama.

Na ja benci na shiga ƙarƙashi.
Inuwar ba yawa, a karkace take,
iyakarta mutum ɗaya da akuyar da ta riga ni.
Da ta gusa daga ƙafata
na ja bencin na bi ta.
Har na taso ban tambayi hoton ba.